TARIHIN RUWA A DAMARGU: DAGA WASAKI ZUWA FORAJ



Duk inda ƴan asalin Tenhiya suka zauna taro, ko a Damagaram, ko Agadas, ko Arlit, ko Kano, maganar da ba ta ƙarewa ita ce ta ruwa. Wani ya ce a tara kuɗi a gina foraj. Wani ya ce rijiyar siminti ta fi kwanciyar hankali. Wani kuma ya ce aikin gwamnati ne, mu jira. Da izinin manya, muna ganin kafin a buɗe asusu ya kamata mu waiwaya baya tukuna, domin ba mu ne farkon masu neman ruwa a wannan ƙasa ba. Kakanninmu sun gina rijiyoyi, Nasara ya gina, gwamnatin Nijar ta gina, ƙasashen waje sun gina. Waɗansu suna shayar da mutane har yau, waɗansu sun zama gidan jemage. Abin da tarihin zai nuna mana shi ne, gini rabin aiki ne kawai. Rijiya tana daɗewa ne in an san mai ita, an san mai gyaranta, an kuma san wanda zai sha da lokacin da zai sha.

Ƙasar da muke bisa kanta

Damargu tudu ne shimfiɗaɗɗe tsakanin Damagaram a kudu da hanyar Abzin a arewa. Tanut tana kimanin kilomita 140 arewa da birnin Damagaram, Tenhiya kuwa tana gaba, cikin ƙasar kiwo. A yawancin shekaru ruwan saman da ake samu wajen Tanut yana tsakanin milimita 200 da 300, duka cikin wata biyu ko uku, kuma in aka ƙara yin arewa sai ya ƙara raguwa. Ba mu da gulbi mai gudu. Kwarin Tarka, wanda ya bi ta ƙasar Belbeji ya nufi Dakwaro da Madawa, tsohon gulbi ne da ya bar gudu tun zamanin da ba wanda ke tunawa. Tabkuna suna cika da damina, amma kafin rani ya yi nisa sun ƙafe.

Ruwa kam akwai shi ƙarƙashin ƙasa. Masana duwatsu, cikinsu har da wani Bafaranshe mai suna Jacques Greigert, wanda ya fitar da babban bincikensa kan ruwan ƙarƙashin ƙasar Nijar a 1968, sun nuna cewa can ƙasa akwai dutsen yashi da suka sa wa sunan Tegama, wanda ke riƙe ruwa kamar soso. Sai dai a wurare da yawa na Damargu laka mai kauri ta rufe shi. Shi ya sa rijiyoyinmu ke da zurfin da baƙo ke mamaki: gaba 40, gaba 50, wani wuri har fiye. Kuma yawancin wannan ruwa tsoho ne, ya taru tun lokacin da Sahara ke samun ruwan sama sosai. Abin da damunar yanzu ke ƙara masa kaɗan ne.

Bari mu yi lissafi irin na ƴan lakwal. Gaba 50 ya kai mita 90. A ce mutum yana da shanu 100, kowace tana shan lita 40 da bazara, wato lita 4,000. In wasakinsa yana ɗaukar lita 40, sai an ja sau 100. Kowane ja, raƙumi ko jaki zai yi mita 90 zuwa, mita 90 dawowa. Jimla kilomita 18 ke nan, da yaro ko yarinya a bayan dabbar, don garke guda ya sha sau guda. Wanda ya gane wannan lissafi ya gane dalilin da ya sa aji ke raguwa da zarar tabkuna sun ƙafe, ya kuma gane dalilin da ya sa Abzinawa ke cewa aman iman, wato ruwa shi ne rai.

Zamanin ayari da rijiyar gado

Kafin zuwan Nasara, Damargu ita ce rumbun Abzin. Dagirawa da Hausawa suna noman gero, ayarin Kel Owi yana saukowa da gishirin Bilma da dabino, ya koma da hatsi, ko ya wuce Damagaram da Kano. Bature Heinrich Barth ya biyo irin wannan ayari, ya sauka a Tagalel cikin Damargu a watan Janairu 1851, a nan ne ma ya rabu da ɗaya daga cikin abokan tafiyarsa biyu, kowa ya kama hanyarsa. Hanyar ayari kuwa ba komai ba ce illa jerin rijiyoyi da tabkuna. Inda ruwa yake, nan zango yake.

Rijiyar wancan zamani da hannu ake gina ta. Masu gina suna shiga da igiya, suna fid da ƙasa da ƙwarya ko guga, a ɗaure bakinta da cikinta da itace don kada ta rufta. A kafa gwafanni, a ɗora kura, a sassaƙa kwami na shayar da dabbobi. Aiki ne na watanni, mai haɗari, kuma mai tsada. Duk shekara sai an yashe ta.

Amma abin da ya fi ginin muhimmanci shi ne dokar da ke tare da ita, ko da yake ba a rubuce take ba. Wanda ya gina, ko zuriyarsa, shi ne mai rijiya, dabbobinsa ke fara sha. Ba a hana matafiyi ruwan sha, addini da al'ada duka sun hana haka. Amma baƙon da ya zo da garke sai ya yi sallama ga mai rijiya, a yanka masa kwanakin da zai yi, a ba shi lokacinsa na ja, shi kuma ya taimaka wajen yasa ko igiya. Gobe in fari ya kora mai rijiya zuwa ƙasar baƙon, a rama masa alheri. Ku lura da hikimar da ke ciki: da rani dabba ba ta cin ciyawar da ta yi nisa da ruwa, saboda haka wanda ke tsara shan ruwa shi ke tsara cin ciyawa. Wahalar ja da dokar mai rijiya su ne suka hana dabbobi yin yawan da zai cinye makiyaya.

Zamanin Nasara

Sojan Faransa sun kama Damagaram a 1899. A wannan shekara kuma wata runduna ƙarƙashin Foureau da Lamy ta ratso Sahara, ta zauna Agadas, ta bi ta Damargu, ta isa Damagaram a watan Nuwamba. An ba da labarin cewa a Agadas, da aka ƙi ba su raƙuma, sai Lamy ya sa soja suka tsare rijiyoyin garin. Tun ran nan aka ga cewa baƙin sun san inda ran ƙasar yake.

A shekarun farko abin da ya dami kumandan shi ne ruwan hanya, don soja da masinja da masu karɓar haraji. Da aikin tilas aka gina ko aka yashe rijiyoyin hanya, har zuwa 1946 da aka soke aikin tilas a ƙasashen da Faransa ke mulki. Yunwar 1913 zuwa 1914, wadda tsofaffi ke kira Kakalaba, ta samu talaka ba shi da komai sai rijiyar kakansa.

Akwai wani darasi babba a wannan zamani. Damagaram ce hedkwatar ƙasar Nijar daga 1911, amma a 1926 aka mai da hedkwata Yamai, bakin kogin Kwara. Cikin dalilan da aka bayar har da ƙarancin ruwa. Birnin yana zaune bisa dutse mai tauri, irin manyan duwatsun nan da kowa ke gani a Birni, wanda ba ya riƙe ruwa sai ɗan abin da ya shiga tsaguwa. Birni mai sarki, mai kasuwa, mai tarihi, ya rasa matsayinsa, ƙishirwa tana cikin masu laifi.

Bayan yaƙin duniya na biyu, a 1946, Faransa ta kafa asusun raya ƙasashen da take mulki mai suna FIDES. Da kuɗinsa aka shiga gina rijiyoyin siminti da yawa a shekarun 1950, aka kuma soma binciken ruwa mai zurfi da injin haƙa.

Ƴancin kai: dokokin 1961 da tashoshin famfo

Nijar ta sami ƴancin kai a 1960, zamanin Diori Hamani. A watan Mayu 1961 aka yi dokoki biyu da suka shafe mu kai tsaye. Ta farko, mai lamba 61-05, ta ja iyakar noma ta arewa: kudu da layin ƙasar gonaki, arewa da shi ƙasar kiwo, inda ba a yarda a buɗe sabbin gonaki ba sai ɗan abin da makiyayi zai shuka don cikinsa. Ta biyu, mai lamba 61-06, ta ce arewacin layin wuri ne da za a kyautata kiwo ta hanyar zamani.

Tunanin ya fito ne daga rahoton wani likitan dabbobi, Pierre Receveur, wajen 1960. Ya ga akwai ciyawa mai yawa a arewa wadda ke bushewa ba a ci ba don babu ruwa kusa. Ya ce a haƙa foraj mai zurfi, a sa inji mai shan gazuwal, a gina babban tanki da kwamaye na ƙarfe ko siminti. Aka yi tashoshin famfo a arewacin ƙasar. A kan takarda an ƙayyade yawan dabbobin da kowace tasha za ta ɗauka, an kuma ce a rufe ta da damina don ciyawar kewaye ta huta.

Ga abin da ya faru. Ruwa kyauta, ba ja, ba sallama ga kowa. Garke ya zo daga ko'ina, dabbobi suka ninka abin da aka ƙayyade, ba kuma ma'aikacin da zai iya tsayawa bakin kwami ya ce wa makiyayi mai ƙishirwa ya koma. Ciyawar kewaye ta ƙare tun rani bai raba ba. Mutanen da suka gaji wurin, masu tsofaffin rijiyoyi, suka zama baƙi a ƙasarsu. Har ta kai a farkon shekarun 1970 waɗansu Abzinawa na Azawak, a jihar Tawa, suka roƙi hukuma da ta rufe tashar da aka gina musu, su koma wa wasakinsu. Injiniya bai yi kuskuren lissafin ruwa ba, ruwan ya fito. Abin da aka manta shi ne dokar mai rijiya.

A 1963 aka kafa OFEDES, ma'aikatar ruwan ƙarƙashin ƙasa. Dattawa da yawa suna tunawa da kamiyoyinta da maginanta. Rijiyar OFEDES tana da faɗin mita 1 da santimita 80, kuma kashi uku ce. Na farko bangon siminti da ƙarfe, wanda ake zubawa ana sauka har a kai ga ruwa. Na biyu zobban siminti ƙanana masu huji, waɗanda magina ke kira buz, ana nutsar da su cikin ruwan, a zuba tsakuwa bayansu don ta tace yashi. Na uku bakin rijiya mai tsawo da daɓen kewaye. Irin wannan rijiya, in ana yashe ta, tana shekara 30 ko fiye. Ta ceci rayukan masu gina, ta kuma hutar da itatuwan da ake sarewa don ɗauri. Amma ita ma an ce ta gwamnati ce, wato ta kowa. Inda jama'a ba su shirya tsakaninsu ba, mai ƙarfi ya kama gwafa ya hana saura, in kuma yashi ya cika ta sai kowa ya jira OFEDES. Daga baya aka rushe ma'aikatar, rijiyoyin suka rage a wuyan waɗanda ba a taɓa ce musu nasu ba ne.

Fari biyu da shekaru goma na ruwa

Farin da ya soma a 1968 ya kai ƙarshen tsananinsa a 1973. A nan aka ga abin da tsofaffi ba su taɓa gani ba: shanu suna mutuwa bakin tasha, cikinsu cike da ruwa, babu abin ci. Fushin jama'a kan yunwar yana cikin abin da ya kawo juyin mulkin Seyni Kountché ran 15 ga Afrilu 1974. Bayan shekara goma, a 1984, wani farin ya dawo, wanda mutane suka sa wa suna El Buhari don ya zo daidai da rufe iyakar Najeriya. Gidaje nawa ne cikinmu suka fara ci-rani a waɗannan shekaru biyu? Rabin masu karanta wannan takarda a birni, fari ne ya kai su ko ya kai iyayensu.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarun 1981 zuwa 1990 don ruwan sha da tsabta. Nijar ta kafa ma'aikatar ministan ruwa a 1980, aka sa ƙa'ida cewa kowane mutum 250 su sami mashaya ɗaya ta zamani. Ƙasashe irin su Danmak suka zuba kuɗi a jihar Damagaram. Aka haƙa foraj masu yawa a ƙauyuka, aka sa musu famfon hannu India Mark II ko famfon ƙafa Vergnet.

Nan ma aka koyi abu biyu. Na ɗaya, famfo yana da iyakar ƙarfinsa. Famfon hannu na yau da kullum ba ya jure ɗaga ruwa daga zurfin da ya wuce mita 50 ko 60, ga shi a Damargu wurare da yawa sun fi haka. Abin da ya dace da Magarya ko Matamai, inda ruwa ke kusa, bai cika dacewa da mu ba. Na biyu, rijiya in ta lalace tana gargaɗi, ruwanta ya dinga raguwa. Famfo kuwa ran da ya tsaya ya tsaya ɗungum, kuma ɗan ƙarfen da ya karye sai an je birni. Saboda haka aka ce kowane gari ya kafa kwamitin ruwa, ya ajiye kuɗin gyara, a horar da makaniki. Inda kwamiti ya riƙe amana, famfo ya rayu. Inda asusu ya zama na biki da bashi, ƙarfe ya yi tsatsa. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Ruwan da ke cuta da ruwan da ke rushe gida

Tarihin ruwa bai tsaya ga ƙishirwa ba. Dattawa sun san kurkunu, wanda ke kwantar da manomi daidai lokacin noma. Daga ruwan tabki ake ɗaukarsa. Binciken da aka yi a 1991 ya sami fiye da mutum 30,000 masu shi a Nijar, jihar Damagaram na cikin inda ya fi yawa. Da tace ruwa da ƙyalle, da gina mashaya mai tsabta, da hana mai ciwon shiga tabki, aka kashe shi, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida a 2013 cewa Nijar ta rabu da shi. Wannan nasara ce da ta nuna cewa in gari ya bi ƙa'ida guda tare, ana gamawa da cuta.

Amma ruwan foraj ma ba a shansa da ido rufe. A Tibiri ta Maraɗi, an buɗe wani foraj a 1985. Ruwan garau yake, ba wari, ba ɗanɗano. Ashe yana ɗauke da wani sinadari mai suna fuliyo fiye da kima, ƙa'idar lafiya kuwa ita ce kada ya wuce miligiram 1.5 a lita. Sai bayan shekaru aka gane, lokacin da ɗaruruwan yara suka tashi da haƙora masu tsatsa da ƙasusuwa tanƙwararru. Awon da bai kai kuɗin tunkiya ba, da an yi shi an kuma yi aiki da shi, da ya tsare su.

Sai kuma ruwan da ke zuwa da yawa lokaci guda. A farkon Satumba 2009 koramar Telwa ta fasa madatsa ta shiga Agadas cikin dare, ta rushe dubban gidaje, ƴan'uwanmu da ke can sun gani da idonsu. A Satumba 2024 ruwan sama ya kayar da tsohon masallacin ƙasa na Birnin Damagaram, wanda aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19. A birni maganin shi ne magudanan da muke kira kanibo, da hana zuba shara cikinsu, da hana gini a hanyar ruwa. A ƙauye irin namu ba a bukatar manyan magudanai, amma ƙa'idar ɗaya ce: a san inda ruwa zai bi kafin ya zo. Kada a yi gida ko aji cikin kwari don an ga shekara goma bai kawo ba. A yi wa rijiya daɓe, a ja ƴar kwata ta kai ruwan da ya zube nesa cikin rami mai tsakuwa, a janye kwami daga bakin rijiya don kashin dabbobi kada ya koma ciki da igiya, a kuma gina salga nesa da rijiya, ta gefen gangare.

Ruwan Damargu ya tafi birni

Ƙishirwar Damagaram ba ta ƙare a 1926 ba. An fara jawo mata ruwa da bututu daga Gogo, sannan Machaya, ta kudu. Da gari ya ƙaru, aka juya arewa, zuwa Arunguza, daga baya kuma Ganaram, da taimakon ƙasar Sin. Ganaram tana cikin gundumar Tanut, a komin ɗin Olelewa, inda aka buɗe matatar mai ta SORAZ a 2011. Wato ƙasar da aka sani da ƙishirwa ita ce yau ke shayar da birni. Wannan ya tabbatar mana cewa ruwan yana nan, abin da ke fid da shi kuɗi ne da ilmi da tsari.

Tsarin birni shi ma ya sha sauyi. Da farko NIGELEC ce ke riƙe da wuta da ruwa tare. A 1987 aka ba ruwa kamfaninsa, SNE. A 2001 aka raba aikin biyu: SPEN mai mallakar kaya da gina sabbi, SEEN mai rarraba ruwa da karɓar kuɗi, wanda kamfanin Faransa Veolia ke da kaso mafi yawa a ciki. A farkon 2024 kamfanin gwamnati NDE ya karɓi aikin SEEN. Ko a birni, tambayar da ake ta juyawa shekara da shekaru ita ce tamu: wa ke da kaya, wa ke gyara, wa ke biya?

Dokokin da ke aiki yanzu

Bayan duk wannan wahala, hukuma ta dawo kusa da hikimar kakanni. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta yarda cewa makiyaya suna da haƙƙin fifiko a ƙasar da suka saba zama, ba tare da sun hana wasu wucewa da sha ba, ta kuma kafa kwamitocin ƙasa da ake kira kofo. A 2010 aka yi dokar ruwa, aka kuma yi dokar kiwo mai lamba 2010-029, wadda ta bar iyakar noma ta 1961 a matsayinta, ta ce ba a gina mashaya a ƙasar kiwo sai da izni, ta sa tazara: kilomita 15 tsakanin rijiyoyin gargajiya, 20 tsakanin na siminti, 30 tsakanin foraj. Wani shiri na kiwo da Faransa ta ba kuɗinsa a jihar Damagaram daga 2005 ya bi wata hanya mai kyau: ba a sara ƙasa sai dukan ƙabilun da ke shan wurin, mazauna da masu wucewa, sun zauna sun yi yarjejeniya a rubuce.

An yi zaɓen komin na farko a 2004, Tenhiya ta sami majalisarta. A 2011 Belbeji ta rabu da Tanut ta zama gunduma. A 2016 aka miƙa wa komin-komin alhakin ruwan karkara. A 2024 aka rushe majalisun, aka naɗa kantomomi. Ko wane ne ke kujerar, ta ofishin komin da ma'aikatar ruwa ta gunduma aiki ke bi. Yanzu kuma famfo mai aiki da hasken rana ya rage wahalar gazuwal. Amma shi ma yana tsufa, yana ƙonewa, ana sace allunansa, kuma ruwan da ke zuba ba ja yana jawo garke kamar yadda tashoshin 1960 suka jawo.

Abin da muke roƙon taro

Ba mu rubuta wannan don mu sanyaya gwiwar masu niyyar alheri ba. Malamai sun gaya mana girman ladar shayar da ruwa, kuma kuɗin da ɗan ci-rani ya tara da zufa ya cancanci ya zama abin da zai daɗe. Saboda haka muna roƙon kafin a karɓi ko dala ɗaya, taro ya amsa tambayoyi biyar.

Ta farko, ga dattawa: su wa ke da haƙƙi a wurin da ake so, su wa ke wucewa da rani? A kira Abzinawa da Fulani da Hausawa da duk mai shan wurin, a yi yarjejeniya gaban sarakuna da kofo, a rubuta.

Ta biyu, ga injiniya: a wane zurfi ruwa yake, zuwa ina zai hau cikin bututu, lita nawa zai bayar a awa? Kada a biya kuɗin ƙarshe sai an yi gwajin ja na sa'o'i masu yawa, an ba mu sakamako a takarda. Amsar nan ce za ta faɗa mana ko rijiya ce ta dace, ko foraj da shato.

Ta uku, ga masu awo: me ke cikin ruwan? A kai shi ɗakin awo kafin yaro ya sha, a kuma riƙa maimaitawa.

Ta huɗu, ga makiyaya: ciyawar kewaye za ta ɗauki dabbobi nawa, wane wata za a buɗe, wane wata za a rufe?

Ta biyar, ga mu duka: nawa ne kuɗin bido, nawa ne na garke, wa zai riƙe asusu, ina za a ajiye kuɗin sabunta famfo, yaushe za a karanta lissafi gaban jama'a? A sa mata cikin kwamiti, domin su ne ke fara sanin ran da ruwa ya ragu.

Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Abin da ba a shirya ba kafin ruwa ya fito, ba a shirya shi bayan garke ya taru. Muna kuma roƙon dattawa su ba mu sunayen tsofaffin rijiyoyin ƙasarmu, da waɗanda suka gina su, da gaba nawa kowace take, mu rubuta a fitowa ta gaba don ƴaƴanmu su sani.

Allah ya jiƙan waɗanda suka gina mana rijiyoyin da muke sha. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya mai da ƴan ci-rani gida lafiya, ya haɗa kanmu. Amin.